Ƙwallon Baba Ta Daina Shan Kwana

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na cikin jirgi. Yaya teku, yaya sanyi, yaya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau. Mama tana gaishe ka. Matarka da 'yan biyu suna nan kalau, macen ta fara famfara, kowa ta gani sai ta washe masa giɓi.

Tunda waya ba ta samunku sai kun tsaya a gaɓa, na ce bari in rubuto, don akwai abin da ya tsaya mini a rai. Yaya, Baba ya yi faɗa a bainar jama'a. Babanmu fa, wanda ko ƙafarsa ka taka shi zai riga ka ba da haƙuri.

Ka san gidan wasan bolin ɗin nan na bayan tashar mota, na mirgina ƙwallo a zubar da kwalabe, inda yake zuwa duk Asabar tun kafin ya ajiye aikin tuƙi. To an rufe shi na ɗan lokaci, an ɓamɓare tsohon daɓen katako na layukan gaba ɗaya, an shimfiɗa wani sabo mai ƙyalli, kamar fomekar teburin kicin. Tun da aka buɗe, Baba ke dawowa gida fuska a murtuke. Asabar ɗin da ta wuce na rufe shagon ɗinki da wuri na bi shi, in ga abin da ke faruwa da idona.

Ka tuna yadda ƙwallonsa take tafiya, har abokansa suke kiransa Sha-Kwana? Ya sake ta ta gefen dama kamar za ta faɗa kwata, sai ta lanƙwaso a hankali ta shiga tsakiyar kwalaben nan goma ta watsa su. Yaya, wannan ƙwallon babu ita yanzu. Ya saki ta farko, ta miƙe sambal ta gefe, ta ɗan taɓa kwalabe biyu na ƙarshe ta wuce. Ta biyu ta faɗa kwata. Haka aka yi ta yi. Ni da ban san kan wasan ba sai da kunya ta kama ni.

Manajan wurin, wani mai fara'a da ƙaton tumbi, ya zauna kusa da ni ya yi mini bayani. Ya ce katako yana da laushi da ɗan kaushi, kuma yana shanye man da ake shafa wa layi, shi ya sa ƙwallo take kama ƙasa da wuri, ta fara karkata tun daga tsakiya, kamar babbar mota za ta shiga kwana. Sabon daɓen kuwa tauri gare shi da santsi, ba ya shan mai, man a sama yake zama. Ƙwallo sai ta yi ta sulɓi har can gaba, sai ta taka busasshen wuri sannan ta fizge lokaci guda. Ya ce satin farko kowa ya sha wuya, amma magani ɗaya ne: ka kalli inda ƙwallonka ta fara juyawa, ka gyara tsayuwarka, ka rage ƙarfin hannu. Duk tsofaffin sun gyara, har Dogo, aminin Baba, wanda Baba ya saba cinyewa yana hamma. Baba kaɗai ya kafe a wurin da ya saba tsayawa.

Da aka tashi, Manaja ya je da ladabi zai ba shi shawara. Nan Baba ya fashe. Ya ce layin a karkace aka shimfiɗa shi, an cuci mutane, an mai da gidan wasa banɗaki mai tayil. Manaja ya aika aka ɗauko ma'aunin magina, mai ɗigon ruwan nan a tsakiya, ya ɗora a kan layi ya ce Baba ya duba da kansa. Baba ko sunkuyawa bai yi ba, ya ce ba zai kalli ƙarya ba. Ya ɗauki jakarsa ya fita da takalman wasa a ƙafarsa, ya bar takalmansa na gida a wurin, sai ni na kwaso su.

Ni dai ina ganin tsufa ne ya zo masa da taurin kai. Idan ka samu waya ka ɗan tsokane shi ya huce.

Kada in cika ka da labari marar daɗi, ga na dariya. Soyayyar iyayenka ta dawo sabuwa fil. Yanzu duk safiya in Baba zai kai 'yan biyu makaranta, sai Mama ta yafa mayafi ta shige gaban mota, wai shan iska. Ranar Asabar ma ita ke raka shi, ta zauna a mota tana jan carbi har ya gama. Matarka ta ce saura su fara riƙe hannu.

Ka kula da kanka, ka riƙa sa rigar sanyi. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Kafin komai: 'yan biyu lafiyarsu ƙalau, babu abin da ya same su, yanzu ma suna falo suna rigima a kan fensir. Na fara da wannan ne don abin da zan faɗa maka. Ka nemi wuri ka zauna.

Yaya, Baba ba ya gani.

Bari in bi maka shi daki-daki.

Jiya aka yi gasar tsofaffi. Mama ta lallaɓa shi ya koma, ni ma na bi su. Wasan bai canza ba, ƙwallo tana ta sulɓewa ta gefe. Can wajen ƙarshe sai ya yi sa'a, hannunsa ya ɗan yi sanyi, ƙwallon ta tafi a hankali, ta samu ta juyo ta daki kwalabe da ƙara. Suka zube, amma ɗaya ta rage a kusurwar hagu, tsaye ƙiƙam, fara sol a ƙarƙashin fitila. Ni da nake can baya wajen masu sayar da lemo ina ganinta. Sai Baba ya juyo yana dariya, ya ɗaga hannu biyu sama, ya ce wa abokansa, "To, yau kun ga aiki! Ko ɗaya ban bari ba." Ya koma kujera ya zauna, yana jiran a tafa masa.

Babu wanda ya tafa. Allon maki yana saman kansa, ya rubuta tara ɓaro-ɓaro. Injin da ke jera kwalabe ya sauko ya ɗaga kwalbar, ya share sauran, ya mai da ita wurinta, Baba yana fuskantar wajen yana murmushi. Dogo ne ya matsa ya raɗa masa magana a kunne. Na ga murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya miƙe ya ɗauki ƙwallo, ya jefa ta dama, kwalbar tana hagu.

Na ja Dogo gefe, na ce ya gaya mini gaskiya don Allah. Tsohon nan ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce ya daɗe yana zargi. Wai tun bara Baba ya ɗauki wata al'ada, in ya jefa ta farko sai ya ce, "Dogo, ƙirga mini gawarwakin," shi kuma ya faɗa masa waɗanda suka rage, kowa yana ɗauka raha ce. Ya ce a tsohon katakon Baba ba ya bukatar ido. Shekara da shekaru ƙwallaye sun ci wurin har sun yi masa hanya, ƙafarsa ta san inda za ta tsaya, hannunsa ya san sauran. Kuma katako yana magana: ƙwallo in tana kan mai shuuu take yi, in ta kama busasshen wuri sai ta koma gurnani, daga nan Baba yake gane inda ta juya. Ƙarar zubewar kwalabe ma ya haddace ta. Sabon daɓen kuwa muryarsa daban ce, kuma ba a gyara masa sai da ido, sai ka ga inda ƙwallo ta daina sulɓi can nesa. Ashe ba taurin kai ne ya hana shi gyara tsayuwa ba. Ashe ma'aunin da Manaja ya kawo, ba ƙin dubawa ya yi ba.

Ina tsaye ina jin wannan, sai wani abu ya faɗo mini kamar an kwaɗa mini guduma. Mota. Mutumin da bai ga farar kwalba a ƙarƙashin fitila ba, shi ke ɗaukar 'ya'yanka duk safiya ya ratsa babban titi da su.

Na fita da gudu wurin Mama. Tana ganin fuskata ta ajiye carbi. Ban ma gama tambaya ba ta fara kuka. Yaya, Mama ta sani. Shan iskar nan da muke yi wa dariya, ita ce idonsa. Ita ke ce masa danja ta ba da ja, ga mai babur ta dama, rage gudu akwai rami, ga yaro zai tsallaka. Da ƙananan muryoyi suke yi don kada yara su gane. Ta ce ya rantsar da ita kada ta faɗa wa kowa, wai hazo-hazo ne kawai zai wuce, kuma hanyar makarantar ya san ta kamar tafin hannunsa. Ta ce kullum sai ta yi addu'a tun daga ƙofar gida har ƙofar makaranta. Na ce, Mama, in da rana ɗaya kin yi atishawa a mahaɗar titi fa? Ban taɓa ɗaga wa Mama murya ba sai jiya. Allah ya yafe mini.

Da Baba ya fito, na tsaya a jikin ƙofar direba na miƙa hannu na ce ya ba ni makulli. Ya ce in matsa. Na ce ba zan matsa ba. Ya ce shi da ya yi rayuwarsa a kan sitiyari, ya ciyar da mu da shi, bai taɓa kashe ko kaza ba, yau 'yar cikinsa ce za ta koya masa? Na ɗaga yatsuna daga inda nake tsaye, tsawon mota kawai tsakaninmu, na ce ya faɗa mini nawa ne. Ya daɗe yana kallon wajen. Sai ya wurgo makullin ƙasa, ya buɗe baya ya shiga. Dogo ne ya tuƙo mu gida.

Na gaya wa matarka da yamma. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta jawo yaran ta rungume har suka fara ƙorafi. Ta ce ashe shi ya sa macen take cewa Kaka mace ce ke tuƙa Kaka namiji, ita kuma tana ɗauka shirmen yara ne.

Makullin yana ƙasan keken ɗinkina. Gobe zan kai shi asibitin ido, ko yana so ko ba ya so. Ka yi mana addu'a.

Taka,
Auta

*

Yayana,

Sallama da gaisuwa, da fatan kana lafiya. Saƙonka ya iso ta hannun matarka. Na ji zafin da ke cikinsa, kuma ban ga laifinka ba. Amma ban karanta wa Baba ba, kuma ba zan karanta masa ba. In ka dawo ka faɗa masa da bakinka, in har lokacin kana iyawa.

Mun ga likita. Da aka sa shi gaban allon haruffa, babban harafin nan na sama da ya kai tafin hannu, da idon hagu bai ma san akwai allo ba. Likitar ta tambaya wa ya kawo shi, na ce tasi muka hau, amma har makon jiya shi ke tuƙa kansa. Ta ajiye biro ta dube ni, ta ce in sake faɗa.

Idon hagu ya tafi, Yaya. Ta ce jijiyar ta mutu a hankali, da an zo da wuri da an tare. Na dama kuwa yanar ido ce ta rufe shi, kuma ana iya cirewa. An sa mana rana. Baba ya ce ba wanda zai sa masa wuƙa a ido ɗaya da ya rage. A nan Mama ta ba ni mamaki. Ta miƙe a gaban likita ta ce ta gama zama idon wani, in bai yarda ba ita ma ta rufe nata bakin, ya nemi mai gaya masa inda ƙofar banɗaki take. Ya sa hannu a takarda.

Ni kam ba ya yi mini magana. In na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Ina kai masa shayi, ya bari sai na fita sannan ya sha. Yana yi mini ciwo, amma gara haka.

Ka gaida abokan aiki. Allah ya tsare.

Auta

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata wannan ta same ka cikin lafiya da kwanciyar hankali. Mama, matarka da yara duk suna gaishe ka. Albishirinka: an yi aiki, an cire bandeji, Baba yana gani da idon dama. Alhamdu lillahi.

Abin da ya fara cewa da aka buɗe, wai yaushe Mama ta yi furfura haka. Mama ta ce tun ranar da ta fara shiga gaban motarsa. Har likita sai da ta yi dariya. Ni ma ya dube ni ya ce na rame, kuma wannan ce maganar farko da ya yi mini tun ranar makulli. Na shiga banɗakin asibiti na sha kukana.

Amma ba wannan ne ya sa na zauna rubutu ba. Da muka iso gida, tasi ta sauke mu a bakin ƙofa, motarsa tana ajiye a inda Dogo ya bar ta. Baba ya tsaya cak. Ka san yadda yake ji da motar nan. Ya fara zagaya ta a hankali. Gefen hagu duk ƙarce ne tun daga fitila har baya. Madubin gefe da salatif aka ɗaure shi. Mu mun saba gani, don duk lokacin da muka tambaya sai Mama ta ce masu babur ne a wurin ajiye motoci. Ya zo ƙofar baya ta hagu, inda macen 'yan biyu take zama, ya ga ta lotsa ciki, da shuɗin fenti na wata motar a jiki. Ya sa hannu a wurin ya tambayi Mama wane ne ya yi masa wannan.

Mama ta ce, "Kai ne. Ranar da na ce maka tsaya, ka ce ai hanya taka ce. Motar ɗaukar kaya ce. Ka ce mini rami muka faɗa."

Yaya, ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi haka ba. Ya leƙa ta gilashi, ga robar ruwan yarinyar nan har yanzu a kan kujera. Sai ya zauna a ƙasa a bakin titi da fararen kayansa, yana ta salati. Maƙwabta suka fara leƙowa. Da ƙyar muka ɗaga shi. Ni kaina sai a lokacin na san an taɓa yin karo, kuma yaran suna ciki. Na dubi Mama, ta sunkuyar da kai.

Da yamma ya aika aka kira matarka. Ya ce in kawo makulli, na kawo. Ya ba ta da hannu biyu, ya ce motar tata ce, ta gyara ta koyi tuƙi, shi ya gama har abada. Sannan ya roƙe ta gafara. Surukinta fa, Yaya. Ta rasa inda za ta sa kanta, ta durƙusa tana cewa ya daina, su biyu suna ta hawaye.

Da likita ta ba shi izinin ɗaga abu mai nauyi, shi da kansa ya ce in raka shi gidan bolin. A bas muka je. Ya nemi Manaja ya ba shi haƙuri a gaban kowa, a daidai wurin da ya yi masa faɗa. Manaja ya rungume shi har Baba ya ɓace a cikin tumbin. Sannan Baba ya ɗauki ƙwallo ya tsaya inda ya saba, ya sake ta, ya bi ta da ido. Ta yi ta sulɓi, ta wuce inda take juyawa a da, ta yi ta tafiya, sai can dab da kwalabe ta fizgo, ta makara. Ya riƙe haɓa ya ce ashe gaskiyar mutane ce, daɓen nan ba ya riƙe ƙwallo sai a ƙarshe. Ya matsa gefe kaɗan, ya sassauta hannu. Bai zubar da duka ba ko sau ɗaya ranar, da ido ɗaya nisa yana ruɗa shi, kuma Dogo ya cinye shi tas. Amma duk kwalbar da ta rage, shi ya faɗe ta da bakinsa kafin kowa.

A bas muna dawowa ya tambaye ni yaushe jirginku zai tsaya. Na ce ƙarshen wata. Sai ya ce shi ba zai iya ɗaukar wayarka ba, bai san da wane baki zai gaisa da kai ba, ka ba shi amanar 'ya'yanka ya yi caca da su. Tun ranar ba ya cin abinci sosai. In waya ta yi ƙara a gidan sai ya tashi ya shige ɗaki.

Don haka ga roƙona, Yaya. Na san ranka a ɓace yake, kuma kana da gaskiya. Amma in kun tsaya, kada ka kira ni, kada ka kira Mama. Lambarsa za ka kira. In bai ɗauka ba ka sake kira, ka yi ta kira. Zan tabbatar wayar tana aljihunsa.

Allah ya kawo ka gida lafiya.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Auta